Kalmar "ma'asumi": wa ake kira da ita, wa kuma ba a kira?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman taimakon malamanmu. Muna da ƙungiyar mata masu sana'ar hannu a unguwarmu, ma'ajiyarmu kuma za ta ajiye aiki saboda girma ya zo, idonta ma ya fara yi mata gardama. Tun da aka kafa ƙungiyar ita ke riƙe da littafin zubi da na bashi, ba a taɓa zama lissafi aka ga ko kwabo ya yi ciwon kai ba. Za mu ba ta takardar yabo ranar walima. Wadda ta tsara rubutun ta sa "ma'asumiya wajen riƙon amana". Nan fa kwamiti ya rabu biyu, wasu na cewa kalmar ta yi nauyi, wasu na cewa ai nauyin muke nema. Mai buga takardar yana jiranmu zuwa Alhamis. Don Allah mene ne ainihin ma'anar kalmar, kuma ta dace a nan?

Baban Walida:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ku cire ta. Annabawa ne ma'asumai.

Anti Kyauta:
Baban Walida, a yi mana a hankali. Ai ba a ce ba ta zunubi ba. An ce "wajen riƙon amana", an iyakance abin. Idan mace ta yi shekaru tana riƙe kuɗin mutane ba ta taɓa karkacewa ba, me za a kira ta? "Mai gaskiya" kowa ana gaya masa, har wanda ya mayar maka da canjin naira hamsin.

Ɗan Damagaram:
Ni yadda na fahimta, kalmar daga "ma'asi" take, wato saɓo. Ma'asumi shi ne wanda ba ya da ma'asi. In haka ne kuwa babu mahalukin da zai rantse wa wani a kai, don Allah kaɗai Ya san ɓoye.

Almajirin Zaure:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa na Damagaram, mutane da yawa haka suke zato, amma kalmomin biyu ba gida ɗaya suka fito ba. Ma'asi tushenta ainun, sadun, ya'un, ita ce bijire wa umarni. Ma'asumi kuwa ainun, sadun, mimun, kuma abin da wannan tushe yake ɗauke da shi shi ne karewa, tsarewa, riƙewa kada abu ya faɗi ko a cuce shi.

A duba Suratu Hud, aya ta 43. Da ruwan ɗufana ya taso, Annabi Nuhu ya kira ɗansa ya hau jirgi, sai ɗan ya ce zai fake a wani dutse da zai kare shi daga ruwa, "ya'asimuni minal ma'i". Uban ya ce masa yau babu mai karewa daga umarnin Allah, "la asimal yauma". Babu maganar zunubi a lafazin ko kaɗan, maganar tsira daga nutsewa ce. A Ma'ida aya ta 67 Allah Ya ce wa Manzo, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya isar da saƙo, Allah zai kare shi daga mutane, "wallahu ya'asimuka minan nas". A Ali Imrana aya ta 103 an ce a yi riƙo da igiyar Allah gaba ɗaya, "wa'atasimu". Duk gida ɗaya ne. Har abin da muke kira igiyar aure, a littattafan fiƙihu "isma" ake ce masa, matar tana cikin ismar mijinta, wato igiyar ba ta tsinke ba. Larabawan yau kuma babban birnin ƙasa "asima" suke ce masa.

To ma'asumi shi ne wanda aka kare. Ba shi ne ya yi karewar ba, yi masa aka yi. Misalinsa yaro ne a bakin rijiya babba ya riƙe masa tsintsiyar hannu. Rashin faɗawarsa gaskiya ne, amma labarin na riƙon ne. Ku dubi Annabi Yusuf. Matar gidan da kanta ta shaida a Suratu Yusuf aya ta 32 cewa ta neme shi ya kame, "fasta'asama". Aya ta gaba kuma me ya ce? Ya roƙi Ubangijinsa, ya ce idan bai kawar masa da makircinsu ba zai karkata gare su. Wanda aka tabbatar wa tsari ke nan, amma bai jingina abin ga ƙarfin kansa ba.

Saboda haka Hajiya, idan kun ce ma'ajiyarku ma'asumiya ce, kun yi da'awar cewa Allah Ya yi mata alkawarin ba za ta taɓa saɓa amana ba, jiya da yau da gobe. Wannan labari ne da sai ta wahayi ake saninsa. Abin da kuka sani, kuma za ku iya shaida a kai, shi ne ba ta saɓa ba a tsawon zamanku da ita.

Malamar Hausa:
Allah Ya gafarta Malam, Allah Ya ƙara basira. Bari in ɗora ta ɓangaren nahawunmu, don ina ganin daga nan ruɗanin yake shigo wa ɗalibai.

Kunnen Bahaushe idan ya ji kalma ta fara da "ma" ta ƙare da "i", mai aikatawa yake ji. Manomi mai noma, maƙeri mai ƙira, maɗinki mai ɗinki, mahauci, marubuci. Sai ya ɗauka ma'asumi ma wani ne da ya ƙware a wani aiki har ya daina kuskure. Alhali wannan "ma" ɗin ba tamu ba ce, da ita kalmar ta zo daga Larabci, kuma can tana nuna wanda aka yi wa abu. Danginta su ne mashahuri, wanda aka sani, da makaruhi, abin da aka ƙi. Mu dai mun sa mata rigar Hausa ne kawai, muka ce ma'asumi, ma'asumiya, ma'asumai, ma'asumanci.

Shi ya sa akwai wurare biyu da nake jan layi da jan biro duk lokacin da na gan ta a insha'in ɗalibi. Na farko idan aka ɗora ta a kan abu marar rai, kamar "tsari ma'asumi" ko "na'ura ma'asumiya". Na taɓa ganin wannan a rubutun wani yaro da yake yabon kwamfuta. Na biyu, kuma shi ya fi tayar mini da hankali, idan yaro ya rubuta "Allah ne kaɗai ma'asumi". Niyyarsa kyakkyawa ce, amma wa zai kare Allah? Shi ne Mai karewa. Abin da yaron yake nufi shi ne kamala ta Allah ce, ko Allah Ya tsarkaka daga dukkan tawaya, kuma haka ya kamata ya rubuta.

Baban Walida:
Wallahi wannan ta biyun ko a bakin manya ina jin ta, har a wajen sulhu.

Anti Kyauta:
Na gamsu da bayanin asali. Amma Malama, harshe ai tafiya yake yi. Kalmomi nawa muka ara muka juya su? Idan mutane suka saba amfani da ita a ma'anar wanda ba a taɓa kama shi da laifi ba, ba shi ke nan ta zama Hausa ba?

Malamar Hausa:
Yaya, haka ne harshe yana tafiya, ba na musu. Amma a saurari yadda Hausawa suke amfani da ita a yanzu. Kusan kullum da korewa take zuwa: "ba ma'asumi ba ne", "babu ma'asumi sai Annabi". Wato har gobe Bahaushe yana jin ta a matsayin kalmar aƙida, bai sake ta ta shiga kasuwa ba. Takardar yabo kuma a bango za a rataye ta, surukai da jikoki da malaman unguwa duk za su karanta. Ba na so baiwar Allah ta tsufa tana ba da hanzari a kan kalmar da ba ita ta zaɓa ba.

Maman Hanifa:
To me za mu sa a gurbinta? Don gaskiyar Anti Kyauta ce, "mai gaskiya" ya yi mana kaɗan.

Malamar Hausa:
Ku sa "amintacciya". Ko ku faɗi abin da ya faru kai tsaye, ya fi kowace sifa ƙarfi: ta riƙe dukiyar ƙungiya tun kafuwarta, ba a taɓa samun giɓi a lissafinta ba. In kuna son kalma mai martaba ku ƙara "kamila", Hausa ta yarda a ce mutum kamili, mace kamila, ba wanda zai ɗauka an fitar da su daga 'yan Adam.

Maman Hanifa:
Madalla. Na tura wa kwamiti, jimlar lissafin nan ita suka fi so. Allah Ya saka da alheri.

Alaramma Mai Allo:
Hajiya ta samu biyan buƙata, amma ina so in ce wani abu ga Anti Kyauta, don tambayarta tana da kyau. Hausa ba ta rasa sunan wanda ya kai maƙura a ƙwarewa ba. Mu a tsangaya muna da matakai, daga kolo, titibiri, gardi, har mutum ya zama alaramma, ya zama gwani. Sama da gwani kuma akwai gangaran, shi ya sa ake cewa gangaran ya fi gwani. Shi ne wanda za ka tsayar da shi ko'ina a cikin Alƙur'ani ya ɗauka ya zarce, ya gaya maka kalma kaza sau nawa ta zo, a ina da ina, wace ce da alifi wace ce babu.

Amma ku zo ku ga abin da yake faruwa idan irin wannan mutum ya rubuta Alƙur'ani da ka. Ya zauna wata da watanni da tawadarsa baƙa, ya bi da ja ya sa wasali, ya ɗiga hamza da ruwan ɗorawa. Ya gama ba ya kai wa mai saye. Gaban 'yan'uwansa mahaddata yake kaiwa, a baje warƙa warƙa, ana karantawa ana bi da yatsa. Na ga dattijon da duk garin ba mai ja da shi, wani gardi da bai kai ɗansa ba ya ɗaga murya ya ce "Allah gafarta, nan akwai ɗigo", dattijon ya karɓi takardar ya kai kusa da ido, ya ce a miƙo masa alƙalami. Ba wanda ya ga girmansa ya ragu. Littafin ne Allah Ya yi alkawarin tsarewa, a Suratul Hijri aya ta 9, ba hannun marubuci ba. Kuma wannan zaman duba na daga cikin hanyoyin da ake tsare shi.

Don haka a ce gwani, a ce gangaran, a ce ƙwararre. Duk waɗannan da wahala da kwana a gaban wuta ake samunsu. Ma'asumanci ba a samunsa da tilawa.

Baban Walida:
Allah Ya ƙara wa Alaramma lafiya. Ina da tambaya ga Malam Almajirin Zaure. Idan Annabi ma'asumi ne, yaya aka yi ya yi mantuwa a salla? Wani abokin aikina ya taɓa yi mini wannan tambayar.

Almajirin Zaure:
Tambaya ce da malamai suka daɗe da amsawa, ɗana. Hadisin da yake nufi shi ne na Zul Yadaini, yana cikin Buhari da Muslim da Muwaɗɗa. Manzon Allah ya sallame bayan raka'a biyu a sallar da take huɗu, mutane suka yi shiru don kwarjini, har Abubakar da Umar suna wurin. Sai wannan sahabi ya tambaya, an rage salla ne ko mantuwa ka yi? Da Annabi ya tabbatar daga sauran mutane, ya tashi ya cika, ya sallame, ya yi sujada biyu. Wannan ita ce ba'adiyya da yaranmu suke koya a Ahalari.

Abin da malaman Sunna suka haɗu a kai shi ne an kare annabawa daga kafirci, daga ƙarya, daga ɓoye wani abu na saƙo ko canza shi, da kuma manyan zunubai. Shi ya sa a karatun tauhidi na zaure ake haddace wa yaro cewa gaskiya da amana da isar da saƙo wajibi ne a haƙƙin manzanni, kamar yadda Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ya tsara, wasu malamai suka ƙara kaifin basira ta zama ta huɗu. Ƙananan laifuffuka kuwa an yi saɓani, Alƙali Iyad, wanda ya rasu a 1149, ya tsaya a kan cewa har su an kare su. Duk mai zuwa karatun littafinsa Ashafa da azumi, idan aka shiga kashi na uku wannan bahasin ake yi.

Amma larurorin ɗan Adam da ba sa rage daraja, kamar yunwa da ciwo da barci da mantuwa a aiki, suna halatta a gare su. Sai dai ba a barin su a kan mantuwar, ana faɗakar da su, ta kuma zama hanyar koyar da al'umma. Haka batun barbarar dabino a Madina, da ya ba da shawara amfanin bai yi kyau ba, sai ya ce ku ne kuka fi sanin al'amarin duniyarku. Ka ga ke nan ko ga annabawa, kalmar ba ta nufin mutum ya daina zama mutum. Tana nufin abin da ya kawo daga Allah ba zai gurɓata ba, kuma halinsa ba zai ƙaryata saƙonsa ba.

Abu Haidar:
Salamun alaikum. Tunda zaure na kowa ne, bari in faɗi yadda abin yake a mazhabar Ja'afariyya ta Shi'a, don kada a ce "annabawa kaɗai" kamar babu wani ra'ayi a cikin Musulmi. A wurinmu ma'asumai goma sha huɗu ne: Manzon Allah, Sayyida Faɗima, da Imamai goma sha biyu daga Imam Ali. Daga hujjojinmu akwai ayar tsarkakewa, Ahzab aya ta 33. Batun mantuwa kuwa, mafi yawan malamanmu ba su yarda Annabi yana mantuwa ko a salla ba. Shaihu Saduƙ ya yarda da ita, Shaihu Mufid da waɗanda suka biyo baya suka ƙi, kuma maganarsu ce ta rinjaya.

Amma a kan ma'anar kalmar ba ni da saɓani da Malam. Mu ma luɗufi ne daga Allah muke kiranta, ba ta kuma cire wa mai ita zaɓi. Ba ma kiran wani malami ko marja'i, wato babban malamin da ake bin fatawarsa, da ita komai girmansa.

Baban Walida:
Ayar Ahzab ai a tsakiyar maganar matan Annabi ta zo, ka karanta abin da ke gabanta da bayanta. Kuma nufin tsarkakewa daban, tabbatar da isma, wato ma'asumanci, daban.

Abu Haidar:
Akwai hadisin mayafi a Sahihu Muslim da ya nuna Annabi ya lulluɓe Hasan da Husaini da Faɗima da Ali da mayafinsa, sannan ya karanta ayar. Kuma lamirin ayar ya sauya daga na mata zuwa na jam'in maza a daidai wurin.

Mai Kula da Zaure:
'Yan'uwa, kowa ya faɗi hujjarsa sau ɗaya cikin ladabi, mun gode. Wannan bahasi ya fi shekara dubu ana yinsa, kuma yana da wurinsa. A nan kalmar muke bi. A ci gaba a kanta.

Ɗan Damagaram:
To waliyyai fa? Mu mun taso muna jin ana cewa waliyyi ba ya saɓo.

Almajirin Zaure:
Malaman tasawwufi da kansu sun raba. Suka ce annabi ma'asumi ne, waliyyi kuwa mahfuzi ne, wato Allah Yana kiyaye shi. Bambancin shi ne saɓo yana iya aukuwa daga waliyyi, sai dai ba ya dogewa a kai, ana yi masa gamon katar da tuba. Imam Ƙushairi ya kawo wannan rabewa tun ƙarni na biyar na Hijira. Saboda haka muridin da ya ce shehinsa ba zai yiwu ya yi kuskure ba, ya wuce inda shehunan suka tsaya. Haka shi ma wanda ba ɗan ɗariƙa ba, idan aka ce malaminsa ya yi kuskure a fatawa ya tashi da zagi, a aikace ya ba shi ismar da bakinsa yake korewa. Wannan ciwo babu ɓangaren da ya tsira daga gare shi, ina ganinsa kullum a Facebook. Mu da muke bin mazhabar Imam Malik ya kamata mu fi kowa kiyayewa, don daga gare shi aka ruwaito cewa kowa ana karɓar maganarsa ana kuma mayarwa, ban da mai wannan kabari, yana nuna kabarin Manzon Allah.

Ɗan Katikis:
Gaisuwa ga iyaye da malamai. Ni Kirista ne ɗan Katolika, kuma wannan bayani ya amfane ni, don sau da yawa abokaina Musulmi suna ce mini "ku kun ce Fafaroma ma'asumi ne". Yanzu na gane inda muke saɓa wa juna a fahimta. Abin da cocinmu ya tabbatar a babban taron Batikan na farko a 1870, zamanin Fafaroma Pius na 9, shi ne idan Fafaroma ya yi magana a matsayinsa na makiyayin coci duka, yana yanke hukunci a kan bangaskiya ko ɗabi'a don kowa ya riƙe, Allah Yana kare shi daga kuskure a wannan hukuncin. Ba a ce ba ya zunubi ba. Shi ma yana durƙusawa gaban Fada ya furta zunubansa kamar kowa. Ba a kuma ce duk abin da ya faɗa a hira ko wa'azi haka yake ba. Misalin da aka sani bayan wancan taro shi ne na 1950, lokacin da Pius na 12 ya tabbatar da koyarwar ɗaukar Maryamu zuwa sama. Sauran Kiristoci da ba Katolika ba kuwa ba su yarda da wannan koyarwa ba.

To idan aka ce "ma'asumi" kai tsaye, mai ji zai ɗauka har da rashin zunubi, kuma ba haka muke nufi ba. Ni na fi so a ce an kare shi daga kuskure a hukuncin bangaskiya, ko da jimlar ta yi tsawo.

Malamar Hausa:
Mun gode ƙanena. Masu fassara labarai a rediyo su lura da wannan, don na sha jin an gajarta shi da kalma ɗaya.

Baban Walida:
Ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ba masu yabo da kalmar ba ne, masu fakewa da ita ne. A layinmu an tara kuɗi gida gida don gyaran rijiyar burtsatse, har zawarawa sun bayar. Aka ce an sayo famfo sabo. Bai yi wata biyu ba ya tsaya, mai gyara ya ciro shi, kowa ya ga tsohon fenti a ƙarƙashin sabo. Aka kira taro a ƙofar masallaci aka ce shugaban kwamiti ya kawo rasit. Sai ya miƙe ya gyara hula ya ce, "Jama'a, ni ba ma'asumi ba ne, ɗan Adam tara yake bai cika goma ba." Wasu dattawa suka ce haka ne, a yi haƙuri. Taro ya watse, rasit bai fito ba, yara sun koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa.

Wa ya ce masa ma'asumi ne? Ba wanda ya nemi ya zama annabi. Rasit aka nema.

Anti Kyauta:
Wannan ita ce maganar. 'Yan siyasa ma ita ce garkuwarsu, da mazan da suka tauye haƙƙin iyali. Da ka buɗe baki sai a ce kowa ajizi ne.

Almajirin Zaure:
An juya maganar ne ta koma kishiyar abin da aka yi ta dominsa. Magabata idan suka ce "ni ba ma'asumi ba ne", ƙofar bincike suke buɗewa. Ranar da aka yi wa Sayyidina Abubakar mubaya'a, ya hau mumbari ya ce an ɗora shi a kansu alhali ba shi ne mafificinsu ba, idan ya kyautata su taimake shi, idan ya munana su miƙar da shi. Wato tunda zan iya kuskure, ku sa mini ido. Shugaban kwamitinku kuwa cewa ya yi tunda zan iya kuskure, ku kau da ido. Hadisin da ake jawowa ma, cewa duk ɗan Adam mai kuskure ne, ai bai tsaya nan ba, ya ƙarasa da cewa mafi alherin masu kuskure su ne masu tuba. Tuba a haƙƙin mutane kuma sharaɗinta mayar da haƙƙin.

Sannan a bambanta kuskure da ganganci. Wanda ya tara lissafi ya tsallake layi ya yi kuskure. Wanda ya sayi tsohon famfo ya sa aka shafa masa fenti ya san abin da yake yi. Shawarata ku sake kiran taro, ku ce mun yarda kai ba ma'asumi ba ne, shi ya sa muke so mutum biyu su zauna da kai a duba lissafin.

Baban Walida:
In sha Allahu ranar Juma'a zan tayar da maganar haka.

Ummu Sadik:
Malam, ni kuma ina jin kalmar a finafinan Indiya, suna cewa "masum" idan suna nufin yaro ƙarami ko wanda aka zalunta bai ji ba bai gani ba. A na Turkiyya ma haka. Har na fara jin wasu a nan suna rubuta "yara ma'asumai" idan an yi rashin yara a wani hari. Wannan daidai ne?

Almajirin Zaure:
Kalmar ɗaya ce, 'yata, daga Larabci ta shiga Farisanci da Urdu da Turkanci, can ta sauka a kan ma'anar marar laifi. Harshensu ne, haka suka saba. A fiƙihu ma akwai wani amfani da ya kusanci abin da masu rubutun suke nufi, ana cewa jini ma'asumi, wato ran da shari'a ta haramta taɓawa, na Musulmi ne ko na wanda ba Musulmi ba da ake zaman amana da shi. Amma Bahaushe da ya ji "ma'asumai" annabawa yake tunawa, don haka "yaran da ba su ji ba ba su gani ba" ya fi isar da zafin abin, ya fi kuma shiga zuciya.

Ta fuskar hukunci, yaro ba a kare shi daga aikata ba daidai ba. Yana ƙarya, yana ɗauke-ɗauke, yana dukan ƙaninsa. Abin da hadisi ya ce shi ne an ɗauke alƙalami daga kansa har ya balaga, kamar mai barci har ya farka da mahaukaci har ya warke. Ba a rubuta masa zunubi. Amma haƙƙin mutane bai faɗi ba. Idan ya jefa dutse ya fasa gilashin motar maƙwabci, babu zunubi a kansa, gilashi kuwa sai an biya.

Ummu Sadik:
To biyan daga ina, Malam? Daga dukiyar yaron in yana da ita, ko dole uban ne? Don mun taɓa samun irin wannan da maraya.

Mai Kula da Zaure:
Wannan mas'ala ce mai zaman kanta, kuma na san da yawa za su so jin amsarta. Ummu Sadik, ki buɗe mata sabon zare ki kawo yadda abin ya faru ba tare da ambaton suna ba, Malam ya amsa a can bayan sallar Isha'i kamar yadda ya saba.